Shugaban ƙasa mai yawan zuwa filin golf, yana aiki kuwa?

Nasiru: Assalamu alaikum. Ni maganata ɗaya ce kuma ina nan a kanta: shugaban Amurka da ke samun sukunin zuwa filin golf kusan kowane mako bai riƙe amanar da aka ba shi yadda ya kamata ba. Zagaye ɗaya na ramuka 18 yana cin kusan awa huɗu, ban da zuwa da dawowa. Obama ya buga sau 333 a shekara takwas, bisa ƙirgen Mark Knoller, wanda ya yi wakilcin gidan talabijin na CBS a fadar White House. Kowa ya lissafa awannin da kansa.

Malam Audu: Wa alaikumus salam. Nasiru, na lissafa. Shekara takwas mako 416 ne, ka ga bai ma kai sau ɗaya a mako ba. Ko lebura yana da ranar hutu. In yawa kake nema, ka koma kan shugaba Eisenhower, wanda ya buga kusan sau 800 daga 1953 zuwa 1961. Har a harabar White House aka yi masa ɗan filin gwaji a 1954. Wannan mutumin ne aka tsagaita wutar yaƙin Koriya a shekararsa ta farko, shi ne kuma ya sa hannu a dokar 1956 da ta shimfiɗa manyan hanyoyin da suka haɗa jihohin Amurka, waɗanda ake hawa har gobe. Wane aiki ne golf ya hana shi?

Nasiru: Malam, ai tun a lokacin 'yan adawa sun yi ta sukarsa a kan haka. Shi ya sa Kennedy, duk da ya iya wasan sosai, ya riƙa ɓoye shi lokacin yaƙin neman zaɓen 1960. In abin ba shi da aibi, me ya kawo ɓoyo?

Malam Audu: Tsoron bakin mutane ne ya kawo shi. Shugaba Woodrow Wilson likitansa ne ma ya ɗora shi a kan wasan saboda lafiyarsa, ya buga fiye da sau 1,000. Kujerar nan tana cin mutum. Gara shugaba ya sha iska ya dawo da kai a sake, da ya yanke hukuncin yaƙi cikin gajiya.

Hajiya Rabi: Ku yi haƙuri in shigo. Ku biyun kun tsaya kan ƙirge, ni kuwa ranar da aka buga ce damuwata. A watan Agusta na 2014 'yan IS suka kashe ɗan jaridar Amurka James Foley. Obama ya fito ya yi jawabi a Martha's Vineyard, tsibirin da yake hutu, yana gamawa ya wuce filin golf, aka ɗauki hotonsa yana murmushi. Shi da bakinsa ya ce daga baya ya kamata ya hango yadda mutane za su kalli abin. Ni uwa ce. Da ɗana ne aka kashe, ba ruwana da sau nawa ya buga a shekara takwas, wannan hoton ɗaya ya ishe ni baƙin ciki.

George Bush ƙarami ya gane wannan. Ya bar wasan a 2003, bayan harin da aka kai ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya a Bagadaza, inda wakilin majalisar a Iraƙi, Sergio Vieira de Mello, ya mutu. A 2008 ya bayyana dalili, cewa ba ya son uwar da ta rasa ɗa a fagen daga ta gan shi yana wasa.

Nasiru: Hajiya, ajiye sandar golf bai dawo da ran ko mutum ɗaya a Iraƙi ba. Shi ya ƙaddamar da yaƙin.

Hajiya Rabi: Ban wanke shi ba, ɗana. Yaƙin laifinsa ne, babba ma kuwa. Abin da nake cewa, kara tana cikin aikin shugaba. Ba a kiɗa a gidan da ake zaman makoki.

Injiniya Bala: Akwai abin da ba a taɓo ba. Filin golf ma ofis ne. Ina shugaba zai sami awa huɗu da takwaransa ba 'yan jarida, ba takardu? Shinzo Abe, firaministan Japan na wancan lokacin, ya san haka. Tun kafin a rantsar da Trump, a Nuwamba 2016, ya je New York ya kai masa kyautar sandar golf mai ruwan zinare. Suka buga tare a Florida a Fabrairu 2017, suka sake a Japan cikin shekarar. Kusancin da ya samu, shugabanni da yawa sun nema ba su samu ba.

Hajiya Rabi: To Injiniya, me kusancin ya saya masa? Yarjejeniyar cinikayya ta TPP da Abe ya ƙwallafa rai a kanta, Trump ya fice daga cikinta a makonsa na farko. A 2018 da Amurka ta ɗora haraji kan ƙarafan da ake shigar mata, ba a ɗaga wa Japan ƙafa ba. Haka Obama da kakakin majalisa John Boehner suka buga tare a Yuni 2011, wata guda bayan nan tattaunawarsu kan babbar yarjejeniyar bashi ta watse.

Injiniya Bala: Hajiya, ban ce rami ne ke ƙulla yarjejeniya ba. Amma wanda kuka yini tare ya fi saurin ɗaukar wayarka.

Malam Audu: Abin da ke ɓata mini rai a wannan magana shi ne son kai. Kowa golf ɗin ɗan adawarsa kawai yake ƙirgawa. Trump ya yi shekaru yana caccakar Obama a kan wasan, a 2016 ya ce in ya hau ba zai sami lokacinsa ba. Ya hau, ya mai da filayen wurin zuwansa. Ranar 7 ga Nuwamba 2020 da kafafen labarai suka bayyana Biden ya ci zaɓe, yana filinsa na Virginia. Masu sukar Obama suka yi shiru, masu kare Obama suka fara ƙirge.

Nasiru: Malam, ka kawo ni inda nake so. Ka ce "filinsa". Eisenhower mamba ne kawai a kulob ɗin golf na Augusta, har wata bishiya da ke tare masa ƙwallo a rami na 17 ya nemi a sare a 1956, shugaban kulob ɗin ya ƙi. Trump kuwa filayen nasa ne, Bedminster da West Palm Beach da Sterling. Ofishin binciken kuɗi na gwamnati, GAO, ya gano cewa tafiye-tafiye huɗu zuwa Mar-a-Lago, gidan shaƙatawar Trump a Florida, a farkon 2017 sun laƙume dala miliyan 13.6.

Injiniya Bala: Mafi yawan kuɗin nan na jiragen soja ne da tsaro. Duk inda shugaba ya je sai an kashe, ko Hawaii Obama ya tafi hutu. Kuma tsaron ba wasa ba ne, a Satumba 2024 an kama mutumin da ya laɓe da bindiga a gefen filin West Palm Beach yayin da Trump ke ciki.

Nasiru: Na yarda a tsare shi, Injiniya. Amma Obama ba shi da otal a Hawaii. Jami'an da ke gadin Trump suna kama ɗaki a gidajensa, gwamnati ta biya kamfaninsa, kuma kowace ziyara talla ce ga filin. Wannan fa, wa ya amince masa da shi?