Kwanan gefen titi a bakin teku, daga Seme zuwa Lome: wa ya taɓa yi?

Ɗan Ƙofar Mata: Assalamu alaikum. Ni da ƙanena za mu je Lome, babban birnin Togo, sarin atamfa, kuɗin masauki kuma ya fi ƙarfinmu. An ce ana kwana kyauta a gefen titi kusa da teku. Wanda ya taɓa yi, don Allah ya faɗa mana.

Direba daga Kurna: Wa alaikumus salam, ƙanena. Na yi, ba sau ɗaya ba. In ka bar Kwatano ka kai Grand-Popo, titin yana matsowa daf da ruwa har Hillacondji, iyakar Benin da Togo, ga bishiyoyin kwakwa a jere, ga iska mai sanyi. Wanda ya tashi cikin zafin Kano zai ji kamar kada ya bar wurin. Karon farko na shimfiɗa tabarma a kan yashi, taku kaɗan daga ruwa. Can cikin dare sanyi ya tashe ni, ashe ruwa ya hauro ya jiƙe tabarmar, ya tafi da takalmina ƙafa ɗaya. Teku kan cika ta janye sau biyu cikin dare da yini, don haka ku kwanta a tudu kusa da mota. Kada ku shiga wanka, igiyar ruwan wurin tana jan mutum. Alwala dai ta halatta da shi.

Hajiya, Kantin Kwari: Ɗana, ni dole ce ta sa ni. Da aka rufe iyakar Seme a watan Agustan 2019, kwana uku na yi a jikin mota, kaina a kan dilar kaya. Sauro ya yi min kaca-kaca, na dawo gida da zazzaɓi. Ku tafi da gidan sauro. In da mace a tafiyar, ku nemi Zangon Kwatano, Hausawa na nan, ba za a rasa muku ɗaki ba.

Yaron mota, Dawanau: Mu gidan mai muke tsayawa, inda akwai fitila. Maigidana ya gaida maigadi, ya ba shi ɗari biyar na sefa. Ranar da muka kwana a duhu, an ɗauke mana batir.

Ɗan Ƙofar Mata: Allah ya saka da alheri. Hajiya, Zangon yana da nisa da tasha?