Shawarwari Daga Rayuwar Siyasar Tommy Douglas

A tattaunawarmu kan Tommy Douglas, firimiyan lardin Saskatchewan na Kanada daga 1944 zuwa 1961, shawarar da ta fi tsaya mini a rai ita ce ɗan siyasa ya riƙe buri guda, ya bi shi sannu a hankali. Yana yaro ciwon ƙashi ya kusa sa a yanke masa ƙafa, sai wani likita a Winnipeg ya yi masa aiki kyauta. Bai manta ba: burinsa ya zama kowa ya samu magani ko da ba shi da kuɗi. Amma da ya hau mulki bai yi gaggawa ba: inshorar kwanciya asibiti ya fara kawowa a 1947, yana kuma rage bashin lardin, don kada masu bin bashi su ɗaure masa hannu.

Wasu suka ce kada faɗuwa zaɓe ta karya wa matashi gwiwa, domin Douglas ma ya sha kaye a 1934, ya ci kujerar majalisar tarayya a 1935.

An kuma ja hankali kan tanadin magaji. Inshorar da ke biyan kuɗin ganin likita sai a 1962 ta tabbata, a hannun magajinsa Woodrow Lloyd, wanda ya jure yajin aikin likitoci na kwana 23.