Tsohon soja, ma'aikacin reluwe, shugaban ƙwadago: ta ina za a fara rubuta tarihinsa?

Jikan_Direba:
Assalamu alaikum. Iyayena na wannan zaure, ina neman shawara. An ɗora mini rubuta tarihin kakanmu, Allah ya jiƙansa. Abin da ake faɗa a gida shi ne ya yi yaƙin Bama, ya yi aikin reluwe har ya kai direban jirgi, kuma yana cikin waɗanda suka ja ragamar babban yajin aikin 1945. Abin da ya bari: lambobin yabo uku, wani ɗan littafi na soja da gara ta ci gefensa, katin ƙungiya, da hotuna biyu. Ta ina zan kama, kuma yaya zan tabbatar da abin da ake faɗa?

Malamin Tarihi:
Wa alaikumus salam. Allah ya gafarta masa. Ɗana, kafin ka rubuta ko layi ɗaya, ka jera shekaru, domin akwai ƙulli a labarin nan.

Yajin aikin gama-gari ya fara ne a watan Yuni 1945, ya ɗauki kwana 44 zuwa 45, ya ƙare farkon Agusta. Ma'aikatan reluwe ne ƙashin bayansa, kuma Michael Imoudu, shugaban ƙungiyarsu, bai daɗe da fitowa daga tsarewar da aka yi masa tun 1943 ba. Abin da suke nema ƙarin kuɗin tsadar rayuwa ne. To a wannan lokacin sojojinmu na Runduna ta 81 da ta 82 ta Afirka ta Yamma suna can Indiya da Bama. Akasarinsu ba su tako gida ba sai 1946. Wanda ke yankin Arakan na ƙasar Bama a damina ta 1945 ba zai kasance a loko, wato rumfar injinan jirgi, yana hana jirgi tashi ba.

Wannan ba ya nufin mutanen gida sun yi ƙarya. Hanya uku ce. Ko dai an sallame shi da wuri saboda rauni ko ciwo. Ko kuma yaƙin da ya yi na Habasha ne, 1940 zuwa 1941, inda birged ta Nijeriya ta kutsa daga Mogadishu zuwa Harar, daga baya aka haɗe komai aka kira shi "Bama". Ko kuwa, wanda na fi zato, yajin da ya jagoranta na Yuni 1964 ne, wanda ya biyo bayan rahoton kwamitin Morgan kan albashi, ya yi kusan mako biyu. Mutumin da ya shiga reluwe a 1946 ko 1947 ya isa riƙe reshen ƙungiya a 1964. A bakin tsofaffi yajin biyu sukan zama ɗaya.

Lambobin za su raba gardama. Dubi ƙyallen da aka rataye su. Tauraron Bama ƙyallensa shuɗi ne mai duhu, ja a tsakiya, da ratsin ruwan lemo a kowane gefe. Tauraron Afirka kuwa launin rairayi ne, ja a tsakiya, da siraran ratsi biyu, shuɗi mai duhu da shuɗi mai haske. Sai dai ka sani, irin waɗannan taurarin na yaƙin duniya na biyu galibi ba a zana sunan mai su a jiki ba, don haka su kaɗai ba su isa shaida ba. Littafin sallamar nan shi ne uwa. Nemi lambar soja, wadda ta 'yan Nijeriya ke farawa da NA, da ranar ɗauka, ranar sallama, bataliya, da muƙami: farabiti, kofur ko saje.

Wurin da masu nema ke yawan ɓata: suna. Turawan da ke ɗaukar kurata sukan rubuta sunan yanka su liƙa masa sunan gari ko na ƙabila, kuma yadda kunnensu ya ji. Sunan da ke littafin soja zai iya bambanta da na fayil ɗin reluwe, mutum ɗaya ne. Da lamba za ka yi nema. Kada ka wahalar da kanka a rumbun hukumar kaburburan yaƙi ta Commonwealth, waɗanda suka rasu a yaƙin kawai take lissafawa. Reshen Nigerian Legion, ƙungiyar tsofaffin sojoji, na jiharku ya fi kusa da kai.

Ɗan Loko:
Malam ya gama da ɓangaren soja. Bari in ɗora kan na reluwe.

Ba a wayi gari mutum ya zama direba a zamanin jirgin kwal. Da goge inji ake farawa, a cikin loko, ana share toka da maiƙo. Daga nan sai fayaman, mai zuba kwal a tukunya da shebur yana kula da ma'aunin ruwa da na tururi. Idan ruwa ya yi ƙasa da rufin akwatin wuta, ƙarfen ya yi laushi, tukunya na iya fashewa, shi ya sa ba a ba kowa wannan aiki. Sai bayan shekaru da jarrabawar dokokin layi da gwajin ido a ba shi injin shantin, mai jera taragu a cikin yadi, sannan jirgin kaya, a ƙarshe jirgin fasinja. Kowane mataki yana da takardarsa da kwanan wata a fayil ɗin ma'aikaci. Don haka abin da za ka fara nema shi ne lambar ma'aikaci, wadda za ka samu a takardar fansho ko ta garatuti. Da ita za ka tunkari ofishin shiyyar da ya yi ritaya, da ƙungiyar 'yan fanshon reluwe, don su suka fi sanin inda tsofaffin fayiloli suke.

Kan takardar ma yana faɗin zamani. Kafin 1955 reluwe sashen gwamnati ne. A shekarar ce aka kafa Nigerian Railway Corporation. Haka tashoshin da aka ce ya yi aiki: layin Ƙaura Namoda ya kammala a 1929, na Nguru a 1930, amma jirgi bai isa Maiduguri ba sai 1964. In aka ce ya ja jirgi zuwa can yana sabon dawowa daga yaƙi, shekarun ne suka zame.

Katin ƙungiya kuwa, karanta sunan da ke kai harafi da harafi. Railway Workers' Union ta Imoudu ta yi rajista a 1940, amma a reluwe akwai ƙungiyoyi da dama, direbobi da tasu, ma'aikatan tasha da tasu, sai a gyaran 1978 aka dunƙule su wuri guda. Sannan ka tantance muƙaminsa: shugaban reshe ne, sakatare, ko wakilin sashe? Sakatare ya fi barin sawu, shi ke sa hannu a wasiƙu. Irin waɗannan wasiƙu da rahotannin Sashen Ƙwadago ana samunsu a Gidan Adana Tarihi na Ƙasa da ke Kaduna, Ibadan da Inugu. A duba kuma jaridun Gaskiya Ta Fi Kwabo da Nigerian Citizen na makonnin yajin.

Hajiya Mai Adana:
Jikan_Direba, yarona, ni kayan da ke hannunka nake ji wa tsoro. Don Allah kada ka kai littafin nan a yi masa laminashin. Zafi da gam suna shiga takarda, ba a iya cire su, kuma tawada tana dusashewa a ciki. Kada ka liƙe yagewa da salatif, bayan 'yan shekaru zai bar tabo ruwan ƙasa ya cinye rubutun. Cire duk ƙarfen matse takarda da ya yi tsatsa. Kowane shafi a ɗauke shi da na'urar sikanin a kan 300 dpi, hotuna a kan 600, gaba da baya, domin bayan hoto ne ke ɗauke da hatimin mai hoto da shekara. A ajiye kwafi a wuri uku. Lambobin kada a goge su da man goge ƙarfe, kada a sauya ƙyallen ko ya kode. Busasshen tsumma mai laushi ya isa.

Sai hira da tsofaffi, kuma ita ce ta fi gaggawa. Ɗaya bayan ɗaya, don in ka tara su babba zai yi magana sauran su bi. Minti 45 zuwa awa ɗaya ya isa zama guda. Kada ka ce "a wace shekara?", ba za ka samu ba. Ce "lokacin an haifi wane?" ko "kafin samun 'yancin kai ne ko bayansa?" Miƙa musu hoton su riƙe, ka yi shiru, sunayen mutanen da ke ciki za su fito da kansu, ka rubuta a takarda daban da fensir. Kada ka manta da matan gidan. Su suka san ranar da albashi ya tsaya lokacin yaji da yadda aka ciyar da yara.

Jikan_Direba:
Allah ya saka muku da alheri. Na duba: ɗaya daga cikin ƙyallayen shuɗi ne da ja da ruwan lemo, kuma ranar sallama a littafin 1946 ce. Zan fara da 'yar'uwarsa da ta rage, sannan in nemi takardar fanshon.

Malamin Tarihi:
To Bama ta tabbata, yajin kuma ka karkata nemanka zuwa 1964. Ka turo mana lambar bataliyar da ke shafin farko. In ta 6, ta 7 ko ta 12 ce ta Rijimantin Nijeriya, to yana cikin waɗanda aka tura bayan layin Japanawa tare da dakarun musamman na Birtaniya da ake kira Chindit a 1944, kuma wannan babi ne mai zaman kansa.