Za a ɗaye rufin gidan tarihinmu, ina za mu kai kayan?

Mai_Makullin_Soro:

Assalamu alaikum jama'a. Ina aiki a wani ƙaramin gidan adana kayan tarihi, tsohon ginin ƙasa ne mai ɗaurin guga. Damunar bara indararo ya toshe, ruwa ya kwanta a saman soron tsakiya har azara ta fara ruɓewa. Yanzu an amince a ɗaye rufin a sake shi, a yi sabon yaɓe da makuba, magina kuma sun ce ba za su sa hannu ba sai ɗakunan sun zama wayam.

Abin da ke ciki: rigunan saƙi masu aiki, har da wata aska takwas da ta tsufa sosai, lifidi, sulke, takubba, tambura, ƙorai masu zane, tsofaffin hotuna cikin gilashi, sai littattafan ajami a gafakarsu. Wurin da aka ba mu sito ne na bulo mai rufin kwano a bayan gida. Da rana in ka shiga, gumi kawai.

Ɗan kwangila ya ce wata uku zai gama, wai a kira a-kori-kura da 'yan dako a kwashe rana guda. Raina bai kwanta ba. Kuɗin akwatuna na musamman babu, wutar lantarki kuma kun san halinta. Wanda ya san kan wannan aiki ya taimaka mini.

Yar_Adana:

Wa alaikumus salam Malam. Kada ka yarda da kwasar rana guda. Kafin a taɓa komai, kowane abu ya samu lamba, a ɗauke shi hoto gaba da baya, a rubuta inda ya yage ko ya yi tsatsa, sannan a rubuta akwatin da ya shiga. Waya ta isa. Rajistar ta zama biyu, ɗaya a wajenka, ɗaya a wajen shugabanku da sa hannu.

Wata ukun nan ma ka ji shi da kunne ɗaya. Gidan tarihin Rijksmuseum na Amsterdam, ƙasar Holan, an rufe babban gininsa a 2003, ba a buɗe ba sai Afrilun 2013, alhali kuɗi ba su yanke musu ba, Yuro miliyan 375 aikin ya ci. Abin da suka yi da ya burge ni, sun ware ɓangare guda na ginin suka ci gaba da nuna fitattun zanukansu duk tsawon shekarun. A can ne kuma babban zanen da shahararren mai zane Rembrandt ya yi a 1642, Nachtwacht, yake. A 1715 da aka mayar da shi zauren majalisar birni, bai shiga bangon da aka tanadar masa ba, sai kawai aka datse gefunansa. Guntayen har yau ba a gan su ba. Ka auna ƙofar siton nan da tsayin kantocinsa tun yanzu.

Riguna kada a ninke su, zaren da ya tsufa a kan ninki yake karyewa. A shimfiɗa su, ko a naɗe a jikin faffaɗan bututu da aka lulluɓe da alawayyo wankakke. Jarida ba ta da kyau, tawadarta na kama kaya, takardarta kuma tana sa su ja.

Tsohon_Magatakarda:

Ɗana, na yi irin aikinka har na yi ritaya. Hajiya ta faɗi na ilimi, ni zan faɗa maka na gara. Kada akwati ko ɗaya ya taɓa ƙasa ko ya jingina da bango. Kanta ta ƙarfe, a bar taƙi guda daga bango yadda za ka zagaya da tocila. Gara dare ɗaya take gini. Asu kuma lifidi yake so, ɓera fatar tambari.

Kuma kada ɗan dako ya ɗauki tambari ta igiyarsa, ko ƙwarya ta bakinta. Hannu biyu, daga ƙasa. In abu ya fashe, a tattara guntayen a leda a rubuta lamba, kada mai ƙarambani ya kawo gam. Ko a Alƙahira, a 2014 gemun abin rufe fuska na zinariya na Fir'auna Tutankhamun ya ɓalle aka yi gaggawar manna shi da gam mai ƙarfi, sai a 2015 ƙwararru suka kankare gam ɗin da ƙyar suka sake manna gemun da kakin zuma.

Makulli biyu, mutum biyu. Lokacin ƙaura kaya suka fi yin ƙafa.

Almajirin_Tarihi:

Ni littattafan ne suka dame ni. Ganyensu a sake yake cikin tadarishi, ba ɗinki, ba lambar shafi, sai kalmar nan ta ƙasan shafi da ke nuna farkon na gaba. Gafaka ɗaya ta kife, aikin makonni ya same ku. A ɗaure kowanne da kyalle, a kwantar da shi. Ku tuna littattafan Timbuktu da aka fitar zuwa Bamako a akwatunan ƙarfe a 2012 da 2013: sun tsira daga masu bindiga, sai laimar Bamako ta zama sabuwar barazana. Sitonku zai gasa su a bazara, a watan Agusta kuma funfuna.

Mai_Makullin_Soro:

Na gode ƙwarai, Allah Ya saka. Hajiya, na auna ƙofar siton da yamman nan: babban tambarin ba zai shiga ba sai an karkata shi, ni kuwa ba zan karkata shi ba, fatarsa ta riga ta tsage ta gefe guda.

Na kai wa shugabanmu shawara a raba aikin gida biyu. Magina su fara da soron tsakiya, mu tara littattafai da riguna da tamburan a ɗakin gabas, wanda rufinsa lafiya lau yake, kaurin bangonsa kuma yana riƙe sanyi ko a watan Afrilu. In sun gama can mu juya. Takubba da sulke su tafi sito, a shafe su a naɗe, su zafi bai dame su kamar laima ba. Ya yarda, ɗan kwangila ne ke ta gunaguni wai za mu ja masa lokaci har damuna ta riske shi da rufi a buɗe. A nan kam yana da gaskiya, shi ya sa na roƙa a ƙaro mini mutum biyu don rajistar ta yi sauri.

Baba, saura ƙura. Tsakanin soron tsakiya da ɗakin gabas ƙofa ce kawai ba marfi, in aka fara fasa rufi duk jar ƙasar nan ciki za ta yi. Na yi tunanin toshe ta da katako da tamfol, amma ita ce hanyar iska guda ɗaya da ɗakin yake da ita. Ku a zamaninku yaya kuka yi?