Neman kalma: me za mu kira tafiyar ƙafa a daji da Turawa ke ce wa hiking?

Jama'a, ina neman shawararku a kan wata kalma, kuma ni ma na zo da tawa.

Makon jiya abokaina su biyar suka taso daga Kano suka sauka wurina a ƙauyenmu, nan ƙasar Birnin Kudu. Kowa da jaka a baya da gorar ruwa, biyu da kyamara. Niyyarmu mu yi sammako mu bi duwatsu da ƙafa, mu ga zanen mutanen da a Dutsen Habude, inda aka zana shanu marasa tozo, irin da ba ka gani a garken Fulaninmu yanzu, mu ɗauki hotuna mu dawo kafin magariba. Na kai su gaida baffana, wanda shi ne mai unguwa. Bayan an gaisa ya ce, "To ɗana, baƙin naka me ke tafe da su?" Ɗaya ya yi caraf ya ce, "Ranka ya daɗe, haikin muka zo." Baffa ya yi shiru yana dubana. Sai da na yi dogon bayani kafin ya saki fuska.

Abin ya tsaya mini a rai. A zamanin nan, baƙi da jakunkuna su doshi daji ba tare da sun iya faɗa wa mai gari abin da ya kawo su da kalma ɗaya mai ma'ana ba, wannan hatsari ne. Duk wanda ya san irin labaran da aka sha ji a kan dajin Falgore ya san dalilin da ya sa mutumin ƙauye ba ya wasa da baƙon da ya nufi daji. Muna buƙatar kalmar da tsoho zai ji hankalinsa ya kwanta.

Na fara gwada yawo. Bai yi ba. Yawon buɗe ido ya yi faɗi, don wanda ya je Dubai a jirgi ma shi ya yi. Yawo kawai kuwa, uba ya ji ɗansa ya tafi yawo, ba daɗi zai ji ba. Shiga daji na mafarauta ne da masu itace, yanzu kuma har da waɗanda ba a son ambata. Zagaye, kowa ya san inda mutum ya nufa in ya ce zai zagaya.

Wani malamin makaranta daga Rano ya ce a bar shi a hawan dutse. A Rano ko Riruwai ko Dutse, inda duwatsu suka kewaye gari, maganarsa ta zauna. Amma wanda ya wuni yana taka gefen fadamar Baturiya da hunturu, yana ɗaukar hoton tsuntsayen da ke tasowa daga Turai su sha rani a dausayin Haɗeja da Nguru, wane dutse ya hau? Ƙasa ce shimfiɗaɗɗiya, ruwa da kainuwa da ƙaya. Shi ma kuwa abin nan ɗaya ya yi.

Tattaki ita ce ta fi kusa, kuma na daɗe a kanta. Tana da ƙafa, tana da nisa, tana da gajiya. Matsalarta, mai tattaki yana da wanda zai je wa. Mun ga wanda ya taka daga Legas zuwa Abuja a 2015 don murnar zaɓe, muna jin tattakin ma'aikata da na ƙungiyoyi a rediyo. In na ce wa baffa tattaki muka zo yi, tambayarsa ta gaba ita ce: wurin wa?

Daga nan na tuna da kilisa. Mai doki ya ɗaura sirdi da la'asar, ya fita bayan gari, ba aike ba, ba fatauci ba, ba yaƙi ba. Doki ya miƙe ƙafa, mahayi ya sha iska, ya ga gona da fadama, ya juyo gida. Fita ce da ba ta da wata buƙata sai ita kanta, kuma Bahaushe bai taɓa ganin ta a matsayin zaman banza ba. Kalma ce mai mutunci. Shi ya sa nake cewa mu kira abin nan kilisar ƙafa. Mai yin ta, ɗan kilisar ƙafa. Mun yi kilisar ƙafa a Riruwai. Asabar za mu fita kilisar ƙafa bakin dam ɗin Tiga. Ku faɗa da baki ku ji, ba ta sarƙe harshe.

Na san za a ce kilisa ta doki ce. Haka ne, shi ya sa na jingina mata ƙafa. Ƙorafin da ya fi ƙarfi shi ne na wata 'yar'uwa daga Kazaure, da ta ce kilisa gajeriya ce, ba ta ɗauke da wahalar wanda ya yi awa bakwai a kan duwatsu har ƙafarsa ta yi bororo. Na karɓi wannan. In tafiyar ta kai ga kwana, da tanti da guzuri, sai mu ce tattakin daji, don a nan wahalar ce a gaba. Ta wuni ɗaya kuwa, a fita a dawo, kilisar ƙafa ce.

Jiya na koma wurin baffa na gwada. Na ce, "Baffa, mutanen Kano za su dawo bayan Sallah, kilisar ƙafa za mu yi bayan duwatsu." Bai tambaye ni ma'anarta ba. Ya ce mu sa takalmi mai rufi saboda ƙaya da macizai, kuma zai haɗa mu da yaron da ya san hanya.