Lalaci ne ko ciwo? Tun korona na kasa karatu

Ɗalibar Kimiyya:
Salam 'yan uwa. Ina aji uku a jami'a. Da aka sa dokar kulle a 2020 sana'ar Baba ta tsaya cak, karatu ya koma intanet, mu huɗu waya ɗaya. Lakca ɗaya a Zoom sai ta lashe datar mako guda. Ga girki, ga wanki, ga rainon ƙanne, tunda ni ce mace. Yayana kuwa ɗaki yake shigewa, wai shi karatu yake. Na faɗi kwas biyu. Yanzu an koma aji, amma sai in yi awa guda a shafi ɗaya. Ƙarfe ukun dare idona biyu, abinci ma turawa kawai nake. Mama ta ce lalaci ne. Shi ne?

Anti Nas:
Ƙanwata, malalaci ai barcinsa yake sha har da minshari. Abin da kika faɗa ya fi kama da ciwon damuwa. Likita kan duba ko baƙin ciki, ko fitar sha'awar abin da kike so a da, ya kai mako biyu kusan kullum, haɗe da rashin barci da kasa tattara hankali. Akwai takarda mai tambayoyi 9, PHQ-9, da ake cikewa. Ki je asibitin makaranta, ki ce a duba jininki ma, don ƙarancin jini na kawo kasala. A Maris 2022 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce damuwa da fargaba sun ƙaru da kashi 25 cikin ɗari a shekarar farko ta annobar, kuma abin ya fi taɓa mata da matasa. Ki gaya min gaskiya: tunanin cutar da kanki yana zo miki? In yana zuwa, yau za ki je, kuma kada ki tafi ke kaɗai.

Baban Yara:
Kowa ya ji jiki a korona. Ki dage da addu'a, zai wuce.

Mai Gyaran Kwas:
Addu'a muna yi, Baba, amma mai zazzaɓi ma ai yana shan magani. 'Yar uwa, ni uku na faɗi. Na kai takardar likita wajen mai kula da ajinmu, aka rage min kwasa-kwasan zangon. Kunyar faɗa ce ta ci min wata shida a banza.

Ɗalibar Kimiyya:
Anti, tunanin bai kai can ba, kuka ne dai ba dalili. Gobe bayan lakcar safe zan je. Mama ce ban san ta inda zan faro mata ba.