Neman shawara: shin sai na sa bututun kashe gobara har cikin gareji?

Mai tambaya:
Assalamu alaikum. Ina gina bene mai hawa biyar a Abuja, garejin motoci a ƙarƙashin ƙasa, shaguna a ƙasa, gidajen haya a sama. Mai zane ya sa bututun yayyafin ruwa na kashe gobara a ko'ina, amma ɗan kwangila ya ce a taƙaita shi ga gidajen, tunda garejin kankare ne zalla, kuma kuɗin famfo da tanki ba kaɗan ba ne. Maganar wa zan bi?

Wani injiniya:
Wa alaikumus salam, Alhaji. Mai zanen ne ke da gaskiya. Kankare ba ya cin wuta, amma motar yanzu cike take da roba da mai, shi ya sa ƙa'idar Amurka ta shigar da bututun kashe gobara, NFPA 13, ta ɗaga matsayin haɗarin gareji a bugun 2022, wato ruwan da ake buƙata a can ya ƙaru. Sassauƙar ƙa'idar gidajen kwana, NFPA 13R, iyakarta hawa huɗu, naka ya wuce nan. A Oktoban 2023 wuta ta tashi daga mota guda a garejin filin jirgin Luton na Ingila, wanda ba shi da wannan bututu, ta lalata motoci sama da dubu, har wani sashen ginin ya rufta. Wancan buɗaɗɗe ne, naka kuwa rufaffe, ga matattakalar da hayaƙi zai bi zuwa ɗakunan da mutane ke barci.

Wani mai kula da gine-gine:
Ranka ya daɗe, idan masu shaguna suna tsoron ruwa ya ɓata musu kaya, ka kwantar musu da hankali. Galibi kan yayyafi yana da ɗan kwalba, mai ruwa ja a ciki yana fashewa a zafin digiri 68 na ma'aunin Celsius, kuma wanda wuta ta kai gare shi ne kaɗai ke buɗewa. Abin da ya fi damuna shi ne lantarki da ruwa. Ka sa famfon dizal na ko-ta-kwana, ka kuma ware ruwan gobara daban, domin idan aka haɗa shi da na wanka, 'yan haya za su ƙarar da shi cikin rani ba wanda ya sani.

Wata mai zanen gini:
Alhaji, kafin a zuba kankaren hawa na gaba, ka kai zanen Hukumar Kashe Gobara ta Tarayya ka karɓi amsarsu a rubuce, domin fasa kankare daga baya don shigar da bututu ya fi tsada nesa ba kusa ba.